Abin da Ya Dace a Saya wa Aku a Lokacin Sauya Gashi

Duk wanda ya shekara da aku a gida ya san lokacin da tsohon gashi yake zuba a ƙasan keji, sabo kuma yana tsirowa a ka da wuya kamar ƙayar bushiya. Kowane tsiro yana fitowa ne cikin farin kube, a gindinsa kuma akwai jinin da ke ciyar da shi har ya gama girma, shi ya sa tsuntsun da ya saba miƙo kai a sosa masa yakan koma cizo a waɗannan makonni. Don haka duk abin da za a saya masa sai ya kasance yana tausasa kuben, ko kuma yana ba jiki abin gina gashi.

A wajen wanka, zaɓin da na fi yarda da shi shi ne sabuwar kwalbar feshi wadda ba a taɓa zuba mata magani ko turare ba. A cika ta da ruwa mai ɗumi kaɗan, a fesa sama domin ya sauko masa kamar yayyafi, da hantsi, sau biyu ko uku a mako, yadda zai bushe kafin dare. Akun da ke tsoron feshi sai a ajiye masa faffaɗan faranti marar zurfi ya shiga da kansa. Na'urar ƙara danshin iska tana da amfani da hunturu, lokacin da kube yake ƙeƙashewa, musamman ga aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda asalinsa tsuntsun kurmi ne. Amma tana son wutar lantarki, kuma idan ba a wanke ta a kai a kai, fumfunar da ke taruwa a ciki tana iya taɓa huhun tsuntsun. Ruwan feshi na kanti da ake haɗawa da turare ba ya yin abin da ruwa zalla bai yi ba. Man kaɗanya da basilin kuwa a nisance su, domin suna danƙare gashi har ya kasa riƙe ɗumin jiki.

Inda ya cancanci a kashe kuɗi shi ne abinci, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na gashin tsuntsu furotin ne. Gyaɗa da 'ya'yan sunflower suna da araha, aku kuma yana son su, sai dai maiƙonsu ya yi yawa, sinadarin bitamin A da kalsiyam kuma sun yi ƙaranci a cikinsu, ga shi gyaɗar da ta sha danshi tana iya ɗauke da gubar aflatoksin. Haɗaɗɗen abincin aku na dunƙule ya fi tsada, amma ya fi cika. Wanda bai samu ba ya riƙa ba da ɗan dafaffen ƙwai, karas, kabewa, gwanda da mangwaro, ya kuma kiyayi fiya, domin guba ce ga tsuntsu. Idan yana cin na dunƙule, ƙarin bitamin na kwalba ba dole ba ne, yawansa ma yana cutarwa.

Ya kamata a ajiye garin tsayar da jini kusa da keji, ko garin sitacin masara idan ba a samu ba, saboda tsiron da ya karye yana zubar da jini sosai. A barbaɗa, a danne a hankali, idan bai tsaya ba cikin 'yan mintoci a garzaya wurin likitan dabbobi.

Gashin ka, inda bakinsa ba ya kaiwa, yatsu biyu sun ishe shi. Idan kube ya yi fari ya bushe, a murza tsininsa a hankali, zai farfashe kamar amosanin ka. Wanda gindinsa yake da duhu har yanzu da jini a ciki, sai a bar shi zuwa wani makon.