Wasiƙa Daga Ohayo: Wa Ke Biyan Kuɗin Gwaji?

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Na ga hoton injin casar masarar da ka turo, na kuma saurari saƙonka cewa karo na uku ke nan yana farfasa ƙwayar, ga kuɗin ƙarfe ya ƙare. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ka tambaye ni ko maƙeran Amurka ma haka suke fama, to ga abin da idona ya gani.

Kamfanin da nake wa aiki a bayan garin Kolombus ƙarami ne, mu goma sha ɗaya ne har da mai shi. Na'urar auna danshin hatsi a rumbu muke ƙerawa. Shekarar da na fara aiki ko guda ba mu sayar ba, amma albashi bai taɓa yankewa ba. Da na tambaya, sai aka ce mini kuɗin gwamnati ne, na wani shiri da ake kira SBIR, wanda aka kafa a 1982 zamanin Shugaba Reagan. Doka ce ta wajabta wa duk ma'aikatar tarayya da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara wajen ba wa wasu da ba ma'aikatanta ba aikin bincike ta ware wani kaso domin ƙananan kamfanoni, kason da ya kai 3.2 cikin ɗari. Ma'aikatu 11 ne a ciki, har da ta tsaro da ta lafiya da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA. Namu daga ma'aikatar noma ya fito.

Yaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin ba bashi ba ne. Ba ruwa, ba jingina, ba a kuma karɓar hannun jari a kamfaninka. A matakin farko ana ba ka na wata shida zuwa shekara, ka gwada ko dabararka za ta yi aiki. In ta yi, sai ka nemi mataki na biyu, na kamar shekara biyu, wanda kan haura dala miliyan ɗaya. Daga nan shirin ya zare hannunsa, kai da kasuwa. In kuwa ba ta yi ba, rahoto za ka rubuta ka faɗi inda ta gaza, shi ke nan. Kamfanin Qualcomm, wanda kayansa ke cikin wayoyin da mutane ke riƙe da su a gida, ya ci wannan tallafi lokacin yana ƙarami.

Samfurinmu na farko ƙura ta kashe shi cikin mako biyu. Muka kwance, muka sake. Na biyu ma ya ƙi. Babu wanda tukunyar gidansa ta girgiza. Kai kuwa duk ranar da injin nan ya farfasa masara, daga kuɗin cefane asarar ta fito, shi ya sa gwaji uku ya isa ya durƙusar da kai. Wallahi ba basira suka fi ka ba.

Kada dai ka ɗauka romo ne ake rabawa. Takardar neman kaɗai ta ci wa maigidanmu kusan wata uku, kuma sau biyu ana mayar masa da ita kafin ya dace. Waɗanda ake hanawa sun fi waɗanda ake ba yawa nesa ba kusa ba. Kullum sai na rubuta awa nawa na yi a kan aikin, domin ana iya zuwa bin diddigin kowace dala. Tsakanin matakin farko da na biyu mun yi watanni ba kuɗi, har aka rage mana ranakun aiki. Sannan dole fiye da rabin kamfanin ya zama na 'yan ƙasa ko masu takardar zama ta dindindin, ma'aikata kuma kada su wuce 500.

Ta fuskar kayan aiki, nan akwai sauƙi. Ka yi odar boris ko bel yau, jibi yana bakin ƙofa, girman da ka ce shi za a kawo, kuma ba ka tunanin man janareta. Amma aikin hannu tsada gare shi ƙwarai. Wani ɗan ƙarfe da muke so a lanƙwasa a yi masa walda sai da muka jira mako uku, abin da yaronka a Panteka zai gama kafin shayinka ya huce. Ranar na yi kewar shagonka.

A gida, Bankin Masana'antu rance yake bayarwa, kuɗin bincike na TETFund kuma manyan makarantu yake tafiya. Na tuna shirin gwamnatin tarayya na YouWiN na 2011 ya ba da kyauta, sai dai ta gasar tsarin kasuwanci ce. Nan Amurka akwai ƙanin shirin SBIR, wato STTR, na 1992, wanda ke haɗa ƙaramin kamfani da jami'a: kamfani ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, jami'a aƙalla 30. Shi ya sa nake roƙonka ka ɗauki injin nan ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ka nemi masu harkar injinan noma su duba shi. Ko ba su da kuɗin ba ka, suna da na'urorin awon da ba ka da su.

Kafin nan, ka auna mini tazarar da ke tsakanin gangar da rariya, ka faɗa mini girman fule biyun. Ina zargin gudun ya yi yawa ne. Ƙarshen wata zan turo kuɗin ƙarfen gwaji na huɗu, kuma ba rance ba ne, ko ya yi ko bai yi ba. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.