PlayStation ko Xbox: amsa ga wanda ya daɗe tare da Sony, yanzu kuma zuciyarsa ta fara karkata

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: tun zamanin PlayStation 2 kake tare da Sony, ka bi ta zuwa PS3 da PS4 har faya-fayanka suka taru da yawa, amma yanzu da lokacin sauya na'ura ya yi, hankalinka ya fara komawa kan Xbox ta kamfanin Microsoft saboda Game Pass, wato tsarin biyan kuɗin wata-wata domin samun tarin wasanni, da kuma haushin yadda Sony ke tsawwala farashi. Kana son sanin wanne ne ya fi cancanta da kuɗinka, kana kuma jin kamar barin kamfanin da ka taso da shi wani nau'in butulci ne. Zan fara da batun butulcin, domin shi ne mai sauƙin warwarewa, kafin in jera kamfanonin biyu gefe da gefe.

PlayStation kanta daga warwarewar alkawari aka same ta. Sony ta yi yarjejeniya da Nintendo cewa za ta ƙera mata na'urar karanta faifan CD da za a haɗa da Super Nintendo, amma a watan Yunin 1991 Nintendo ta fito bainar jama'a ta ce da Philips za ta yi aikin. Injiniyan da ke jagorantar lamarin, Ken Kutaragi, ya shawo kan shugabanninsa su ci gaba su kaɗai, kuma a watan Disambar 1994 PlayStation ta farko ta shiga kasuwa a Japan. Ba a daɗe ba kamfanin Square, wanda ya shafe shekaru yana yi wa Nintendo wasanni, ya ɗauke Final Fantasy VII ya kai wa Sony a 1997, saboda faifai ya fi kaset ɗin Nintendo 64 ɗaukar kaya da arha, magoya bayan wasan da dama kuma suka bi shi. Sega kuwa ita ce ta bar masoyanta da kanta a 2001, lokacin da ta dakatar da na'urarta Dreamcast ta koma yi wa abokan hamayyarta wasanni. A harkar da su kansu kamfanonin ke sauya sheƙa duk lokacin da lissafi ya nuna musu haka, ban ga dalilin da zai sa mai saye ya ɗora wa kansa nauyin amanar da ba a taɓa ɗaukar masa ba.

Abin da ya fi amfani shi ne a dubi halin kowane kamfani a lokacin da yake gaba da lokacin da yake baya, domin a nan ne kamanninsu ke fitowa. PS2, wadda ta fito a shekarar 2000 kuma take kunna faifan DVD, an sayar da ita fiye da miliyan 150, kuma ita ce ta cika gidajen gem na garuruwanmu da Winning Eleven da Pro Evolution Soccer. Wannan nasara ta sa Sony ta ɗauki kanta ba a iya yi sai da ita, ta fitar da PS3 a Nuwambar 2006 a kan dala 499 da dala 599. Microsoft, wadda ta shigo harkar a 2001 tana lalube, ta riga ta da shekara guda da Xbox 360 a farashi mai sauƙi, ga kuma Xbox Live da ya sa wasa da abokai ta intanet ya zama abu mai tsari. Mutane da yawa a Amurka da Ingila a wannan zangon suka bar Sony. Sai dai gaggawar Microsoft ta zo da nata aibun: na'urori masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa suna nuna jan haske a kewayen madannin kunnawa, har a Yulin 2007 kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan ɗaya domin gyara. Ita ma Sony ta sha nata a Afrilun 2011, sa'ad da masu kutse suka shiga PlayStation Network suka kai ga bayanan asusu kimanin miliyan 77, aka rufe tsarin sama da mako uku.

A 2013 al'amarin ya juye gaba ɗaya. Microsoft, da ta ji ta yi ƙarfi, ta gabatar da Xbox One a kan dala 499 tare da kyamarar Kinect da ba kowa ke so ba, ta ce dole na'urar ta hau intanet sau ɗaya a kowace awa 24, ta kuma sanya sharuɗɗa a kan aron faifai da sayar da na hannu. Sony ta amsa da PS4 a kan dala 399, ta fitar da wani gajeren bidiyo na zolaya inda jami'inta ya miƙa wa ɗan'uwansa faifai hannu da hannu, wai ga yadda ake aron wasa a wurinsu. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ta janye sharuɗɗan, amma ɓarnar ta riga ta auku, PS4 ta tafi har ta wuce miliyan 117. Abin lura shi ne a cikin wannan murnar ce Sony ta mayar da wasa ta intanet na biyan kuɗi ta hanyar PlayStation Plus, alhali a PS3 kyauta ne, kuma kaɗan ne suka yi ƙorafi. Ta kuma hana masu PS4 buga Fortnite da masu Xbox da Switch ta Nintendo har sai Satumbar 2018, bayan surutu ya yi yawa.

Duk abubuwan da suke jan hankalinka zuwa Xbox a yau, a lokacin da Microsoft take baya aka ƙirƙiro su. Bayan Phil Spencer ya karɓi ragamar sashen a 2014, an buɗe damar kunna wasannin Xbox 360 a kan Xbox One a 2015, aka ƙaddamar da Game Pass a Yunin 2017, daga 2018 kuma aka fara saka sababbin wasannin kamfanin a cikinsa tun ranar fitowarsu. Haushin da kake ji na Sony shi ma yana da tushe: ta ɗaga farashin manyan wasanninta zuwa dala 70 da zuwan PS5 a Nuwambar 2020, ta ƙara wa na'urar kuɗi a ƙasashe da yawa a Agustan 2022 maimakon ta rage kamar yadda aka saba idan na'ura ta kwana biyu, sannan a Nuwambar 2024 ta fitar da PS5 Pro a kan dala 699 ba tare da wurin saka faifai ba. Amma kada ka ɗauka ɗaya ɓangaren ya tsaya inda yake. A 2025 Microsoft ta ƙara wa na'urorinta farashi sau biyu a Amurka, kuma a Oktoban shekarar ta ɗaga matakin Game Pass mafi girma daga dala 19.99 zuwa dala 29.99 a wata. A ganina halin ɗaya ne, matsayi ne kawai yake sauyawa.

Yanzu sai abin da ke hannunka. PS5 mai wurin faifai tana karanta kusan dukkan faya-fayan PS4, amma ba ta karanta na PS3 ko PS2 ko PS1. Wasu daga cikin tsofaffin wasannin sai ta babban matakin PlayStation Plus ake samunsu. Xbox Series X ta fi ta a wannan fanni nesa ba kusa ba, domin tana kunna wasannin Xbox One da ɗaruruwan na Xbox 360 da wasu na Xbox ta farko, wasu ma suna fitowa da kyau fiye da yadda suke a da. Wannan abin yabo ne, sai dai amfaninsa na wanda ya tara faya-fayan Xbox ne, kai kuwa ba ka da ko ɗaya. Ranar da ka sauya, duk abin da ka saya a asusunka na Sony da duk inda ka kai a wasanninka suna can a baya, za ka fara daga farko.

Game Pass da PlayStation Plus ba su yi daidai ba, kuma a nan gaskiya Microsoft ce ke gaba. Sony ta raba nata tsarin zuwa matakai uku a Yunin 2022, ta zuba tsofaffin wasanni masu kyau da yawa, amma ba ta saka manyan sababbin wasanninta a ranar fitowarsu. Sai ka saya, ko ka jira. Wanda yake son ɗanɗana wasanni iri-iri, ya gama wannan ya kama wancan, Game Pass zai rage masa kashe kuɗi sosai. Sai dai a tuna cewa tsarin kamar zaman gidan haya ne: watan da ba ka biya ba ƙofa a rufe take, kuma wasannin wasu kamfanoni suna shiga suna fita ba da shawararka ba. Ga mu nan kuma akwai wani kuɗin da ba a rubuta a tallar ba, wato data. Kowane wasa sai an sauke shi, manyansu da dama sun haura gigabait 100, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai a jira. Ƙara da cewa yawancinmu da adireshin Amurka ko Ingila muke buɗe asusu, muna sayen katin biya da dala ko fam, don haka duk ƙarin farashi a can yana iso mana ne tare da nauyin canji. Xbox Series S, wadda ta fito a kan dala 299 kuma ita ce mafi jan hankali a farashi, ba ta da wurin faifai kwata-kwata, wato ta rufe maka ƙofar aro da musaya da sayen na hannu, abubuwan da suka riƙe wannan sha'awa a wurinmu tun zamanin PS2.

Batun wasannin da kowane kamfani ya keɓe wa kansa shi ne inda lissafin ya fi ba da mamaki. Microsoft ta sayi ZeniMax, uwar kamfanin wasanni na Bethesda, a kan dala biliyan 7.5, cinikin ya kammala a Maris 2021, sannan ta sayi Activision Blizzard, mai wasan Call of Duty, a kan kusan dala biliyan 69 a Oktoban 2023. Masu PlayStation da yawa sun tsorata cewa za a ƙwace musu Call of Duty, amma matsin hukumomin kula da gasar kasuwanci a Amurka da Ingila da Tarayyar Turai ya taimaka wajen sa Microsoft ta sa hannu a yarjejeniyar shekara goma ta barin wasan a PlayStation. Daga nan ita da kanta ta fara kai kayanta gidan abokiyar hamayya: Sea of Thieves da Hi-Fi Rush a 2024, Forza Horizon 5 da Indiana Jones da Gears of War a 2025. Sony kuwa kwamfuta ta riƙa kai nata, tun daga Horizon Zero Dawn a 2020 zuwa God of War da Spider-Man a 2022, amma abin da ta bari ya je Xbox kaɗan ne, kamar Helldivers 2 a Agustan 2025. Sakamakon haka mai PS5 yana samun na Sony duka da kaso mai tsoka na Microsoft, mai Xbox kuwa ba ya samun God of War ko The Last of Us ko Spider-Man. Ba ina cewa Sony ta iya komai ba ne. Wasanta Concord ya fito a Agustan 2024, aka kashe shi bayan kimanin mako biyu aka mayar wa mutane kuɗinsu, aka kuma rufe kamfanin da ya yi shi, kamar yadda Microsoft ta rufe nata kamfanin wasanni na Arkane Austin a Mayun 2024.

Idan ƙwallo ce yawancin wasanka, bambancin ya ragu ƙwarai, domin EA Sports FC, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, da eFootball, wanda ya gaji PES a 2021, duk suna kan na'urorin biyu, kuma masu PS5 da masu Xbox Series suna iya haɗuwa a fili ɗaya ta intanet. Nintendo ban saka ta a ma'aunin ba saboda ba abu ɗaya take sayarwa ba. Wanda yake son Mario da Zelda, ko na'urar da za a ɗauka a hannu a ci gaba da wasa bayan an ɗauke wuta, Switch ko Switch 2 da ta fito a Yunin 2025 ƙari ce gare shi, ba madadi ba.

Ra'ayina game da kai shi ne ka zauna a PlayStation, amma ba don Sony ta cancanci biyayyarka ba. Dalilin shi ne faya-fayan PS4 da ka tara, da abokan da za ka yi musaya da su, da kasancewar masu gyara da kayan gyara da masu sayen na hannu sun fi yawa a ɓangaren PlayStation a kasuwanninmu, da kuma yadda Microsoft ke kawo maka wasanninta har gida. Amsar za ta sauya idan kana da intanet marar ƙayyadadden data da tsayayyiyar wuta, kana gama wasanni da yawa a shekara, kuma ba ka damu da ajiye su ba. A wannan hali Xbox da Game Pass sun fi maka riba, ko ma ka yi la'akari da kwamfuta mai ƙarfi, tunda Game Pass yana aiki a kanta kuma wasannin Sony da dama sun isa can. Idan ka tsaya a kan PS5, ka nemi mai wurin faifai ko da ta fi tsada, kuma kada ka sayar da PS3 ɗinka wajen haɗa kuɗin, domin sabuwar ba za ta karanta faya-fayanta ba.