Zauren Lacca ko Fuskar Waya?

Kafin 2020, ɗaliban jami'a da yawa suna ɗaukar karatu ta intanet a matsayin na ma'aikata da waɗanda makaranta ta yi wa nisa. Da annobar korona ta rufe jami'o'i, sai Zoom da Google Meet suka zama aji, ko ana so ko ba a so.

Zauren lacca yana da abin da waya ba ta da shi, wato idon malami. Yana cikin bayani zai hangi wanda ya yamutsa fuska, ya koma baya ya maimaita. Sai dai wanda ya makara, abin da ya wuce shi ya wuce ke nan.

A intanet kuwa, laccar da aka naɗa tana nan tana jiranka. Ka tsayar, ka mayar baya, ka saurara sau uku, ba mai harararka. Moodle, wato dandalin karatu na intanet da makarantu ke amfani da shi, ya adana maka takardu da ranar miƙa aiki. Amma fa kowa ya san ɗalibin nan mai kashe kyamara: sunansa na aji, shi yana sharar barci. Ga cin data, ga sabis da ke ɗaukewa daidai lokacin da malami ya zo gaɓar da ake jira.

Ni dai darasin sauraro na fi son sa a intanet. Mai koyon haɗa sinadarai ko duba maras lafiya kam, dole hannunsa ya taɓa kayan aiki.