Sabuwar distiribita ta kwali a Suame Magazin: kafin ka biya, duba gwangwanin

Masu tsofaffin Toyota masu kafireto, irin injin 12R da 4K, in distiribita, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, ta gaji a Kumasi zaɓi biyu ne a Suame Magazin, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota: ko tsohuwa ta asali da aka ciro daga injin waje, ko sabuwa ta kwali wadda ba ta da sunan kamfanin da aka sani. Ta kwalin ake dubawa a nan. Ta fi araha, kuma tana zuwa da komai a ɗaure: hula, rota, kwantak (ɗan makullin da ke buɗewa ya rufe don a samu tartsatsin wuta), kwandansa da gwangwanin bakum, wanda ke aiki da zuƙar iska ta injin. Mota za ta tashi da ita. Abin tambaya shi ne ko tana ba da wuta a kan lokaci.

Mai da iska ba sa ƙonewa nan take, don haka dole fulogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa. A sulo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, yawancin injinan nan digiri 5 zuwa 10 na juyin injin kafin ƙarshen hawan suke so, ainihin adadin yana littafin injin. Idan gudu ya ƙaru, wasu ƙarafa biyu da ke ƙarƙashin farantin kwantak suna buɗewa su ja sifirin, wutar ta ƙara gabatowa, har jimilla ta kai wajen digiri 30 zuwa 35 a juyi 3,000 a minti. Gwangwanin kuma nauyin aiki yake bi. Lokacin da ƙafa ke kan totur kaɗan, a miƙaƙƙiyar hanya kamar ta Techiman, abin da ke shiga silinda kaɗan ne kuma a hankali yake ci. Zuƙar injin sai ta ja fatar robar da ke cikin gwangwanin, ta juya farantin, a samu ƙarin digiri 10 zuwa 15. Ka taka totur ƙasa, zuƙar ta faɗi, ƙarin ya janye da kansa.

Jikin ta kwalin ba laifi. Sandar tsakiya takan zo a matse, kuma nan ta fi tsohuwa, domin wadda bushin ɗinta ya cinye ba ta riƙe gibin kwantak, taimin, wato lokacin ba da wuta, ya yi ta rawa. Rauninta yana ciki. Sau da yawa sifirin ƙarafan ya yi laushi, wuta ta gabato da wuri, sai ka ji injin yana ƙararrawa kamar tsakuwa a gwangwani in an ɗauki kaya ana hawa tudu. Wannan ƙarar, in an bar ta, fistin take ci. Kwandansar ma ba abin dogaro ba ce, in taka ta asali tana da rai ka mayar da ita. Kan sandar da ke buɗe kwantak kuma a bushe yake zuwa, sai an ɗan shafa masa giris, in ba haka ba dugadugin kwantak ya lashe, gibi ya rufe, taimin ya koma baya.

Gwangwanin a kanti ake gwada shi. Cire hula, sa guntun tiyo a bakinsa ka zuƙa. Farantin ya motsa. Toshe tiyon da harshe: in ya tsaya a inda yake, fatar lafiya. In ya sulale ya koma, ta huje, a sauya maka. Ka kama rota ka murɗa ta ɓangaren da take juyawa, ta ɗan tafi ta dawo da kanta.

Wurin ɗauri ne aikin yakan lalace. Akwai makanikai da yawa da suke setin wuta da kunne, su juya distiribita har sulo ya yi daɗi su ɗaure. Wasu ma sukan cusa kusa a tiyon bakum su ce ba shi da amfani. Ba haka ba ne, masta. Mota za ta yi tafiya, amma za ta sha mai a doguwar hanya, ta riƙa ɗaukar zafi, mai ita kuma ya yi ta wanke lagireto a banza. Ka nemi mai fitilar taimin. A fara da gibin kwantak, milimita 0.45 a waɗannan injina, domin taɓa gibi yana sauya taimin. A bar injin ya yi zafi, a cire tiyon a toshe shi na ɗan lokaci, a maƙala fitilar a wayar fulogi na ɗaya, a shafa alli a tsagar fulin gaban injin, wato alamar taimin. Juya jikin distiribita kishiyar juyin rota yana gabato da wuta. Bayan an ɗaure a sake haskawa, don ɗaurin kansa yakan gusar da ita. Sannan a ba da totur a hankali a ga alamar tana tafiya sumul, a mayar da tiyon a ga ta ƙara gaba.

A lura da inda tiyon ya fito. Ramin da ke jikin kafireto saman malam-buɗe-littafin totur, wato farantin da totur ke buɗewa, ba ya zuƙa a sulo, na manifol kuwa yana zuƙa. In an musanya su, sulo ya tashi, a cunkoson Kejetia mota ta riƙa fizga.

Ga mai ɗan akori-kura da ke jigila tsakanin Aboabo da Asawase, ta kwalin ta wadatar in ta ci gwajin baki da na fitila. Mai lodi zuwa Tamale gara ya nemi ta asali mai matsattsiyar sanda, ko a ciro sifirin tsohuwarsa a sa wa sabuwar. Ka kuma riƙe lambar da ke jikin tsohuwar ka je da ita kanti, domin biyu za su iya shiga rami ɗaya alhali lissafin digirinsu daban.