Wasiƙa daga Lyon: a gyara tsohuwar kwamfutar shago ko a sayi sabuwa?

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran mutanen gida a Damagaram, na samu saƙonka game da kwamfutar shago, wadda ka ce ta koma tafiyar hawainiya har masu kawo takardun bugawa sukan gaji da jira su wuce shagon gaba. Ka nemi in duba maka farashin sabuwa a nan Faransa, kuma na duba, amma kafin in kawo maka lissafi ina so ka ji abin da ya faru da tawa kwamfutar, domin shi ne ya nuna mini cewa lissafin da ake yi a nan bai yi daidai da wanda ya kamata a yi a gida ba.

Na sayi tawa, ta tafi-da-gidanka ce, a shekarar 2017. Ƙwaƙwalwarta Intel Core i5 ce ta zubi na 7, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a kanta, giga 4, ma'adanarta kuma tsohon faifan nan ne mai juyawa. Zuwa farkon 2025 ta kai matsayin da idan na kunna ta da safe sai in je in dafa shayi in dawo ba ta gama farkawa ba, fankarta kuwa tana ruri kamar injin markaɗe. Na ɗauke ta na kai wani babban kantin kayan lantarki. Saurayin da ke teburin gyara bai ko buɗe ta ba, ya shaida mini cewa dubawa kaɗai, wato a gano ciwon a rubuta mini kuɗin da gyaran zai ci, zai kai kusan euro 50, kuɗin hannu kuma ana lissafa shi ne bisa awa, ban da kuɗin kayan da za a sauya. Daga nan ya miƙa hannu ya nuna mini kantar sababbi, masu euro 500 zuwa 600, ya ce da shi ne da bai ɓata kuɗinsa a kan na'urar da ta shekara 8 ba. Tun da euro guda daidai yake da sefa 656 ba ya motsi, kuɗin dubawar nan kaɗai ya haura jika 32, sabuwar kuma tana tsakanin jika 328 da 394.

Da farko na ji haushinsa, amma da na natsu sai na ga gaskiyar garinsu ya faɗa. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan yana wajen euro 12 a awa guda, mai kanti yana biyan gwamnati wani kaso a kan kowane ma'aikaci, ga hayar wuri, ga harajin kashi 20 cikin 100 da ake ɗorawa kusan kowace ciniki. Saboda haka a nan lokacin mutum shi ne abu mai tsada, kaya kuwa da sauƙi idan aka auna su da abin da mutane ke samu. A wajenmu abin a juye yake. Yaron da ke gyara a bakin kasuwa zai wuni da ƙarfen narka dalma a hannu yana bin layukan allon na'ura ɗaya bayan ɗaya har ya gano ɗan ƙwayar da ta ƙone, ya karɓi abin da ba zai sayi abincin rana a Lyon ba, alhali sabuwar kwamfuta sai an yi adashi kafin a tunkare ta. Shawarar da ta dace da Bafaranshe, wato ya yar ya sayi wata, idan ka ɗauke ta ka kai Damagaram asara ce tsagwaronta.

Na ga ƙarshen wannan al'ada da idona ranar da na raka maƙwabcina wurin zubar da manyan tarkace na unguwarmu. A nan doka ta hana jefa kayan lantarki a kwandon shara na gida, kuma duk kantin da ya sayar maka da sabuwar na'ura wajibi ne ya karɓi tsohuwar kyauta, domin an riga an saka ɗan kuɗin sarrafa ta a cikin farashi. A wurin akwai wani keji na ƙarfe cike da kwamfutoci, wasu ko ƙwarzane babu a jikinsu. Na tambayi mai gadin wurin ko zan iya ɗaukar ɗaya, ya ce abin da ya shiga kejin ba ya fita. Na tsaya ina kallo ina tuna masu gyaranmu, waɗanda da za su samu wannan keji da sun tayar da rabinsa kafin la'asar.

Hukumomin ƙasar ma sun lura da ɓarnar. Tun 2015 laifi ne a Faransa kamfani ya gajarta ran kayansa da gangan, kuma a 2020 an ci tarar Apple euro miliyan 25 saboda rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone ba tare da sanar da masu su ba. Daga watan Janairun 2021 aka wajabta liƙa wa kwamfutocin tafi-da-gidanka da wayoyi da wasu kayan gida maki daga 0 zuwa 10, mai nuna sauƙin kwance su da samun kayan gyaransu, da launi daga ja zuwa kore, ta yadda mai saye zai gani a jikin farashi. A ƙarshen 2022 kuma aka fito da tallafin gyara, wanda a yanzu yake rage euro 50 daga kuɗin gyaran irin kwamfutata a shagunan da aka amince da su. Sai dai tallafin na wadda ta lalace ne, tawa kuwa ba ta lalace ba, tsufa ne kawai ya kama ta.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani zama da ake kira Repair Café, al'adar da ta faro a Amsterdam a 2009 ta bazu a Turai, inda masu sa kai suke haɗuwa a zauren unguwa su taya mutane gyara kayansu ba da kuɗi ba. Na je wata Asabar na tarar da wani dattijo ɗan fansho, da tabarau a ƙarshen hanci da ƙaramin faranti na zuba kusoshi a gabansa. Bai karɓi kwamfutar ba, sukundireba ya miƙo mini ya ce ni zan kwance, shi nasa nuni ne. Da muka ɗaga murfin ƙasa sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar tsohuwar katifa, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Ya zare ta da ɗan hantsaki, ya goge busasshen man rage zafi da ke kan ƙwaƙwalwar ya ɗiga sabo kamar ƙwayar gero, sannan ya nuna mini gurbin RAM na biyu, wanda yake fanko tun ranar da aka ƙera na'urar. Ya rubuta mini abin da zan sayo a bayan wata takarda. Mako na gaba na dawo da ma'adanar SSD mai giga 500 da RAM giga 8, duka biyun ba su kai euro 70 ba a lokacin, muka ɗora. Kwamfutar da take cin mintuna kafin ta tashi ta koma tashi cikin kimanin daƙiƙa 20, kuma rurin fanka ya ɗauke.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Tsohon faifai ƙarfe ne mai juyawa sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da take yawo a kansa tana neman bayanai, kuma da ƙyar yake wuce mega 100 a daƙiƙa. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, ko mai araha tana kaiwa mega 500, kuma wajen ɗauko ƙananan fayiloli da suka warwatsu, wanda shi ne yawancin aikin kwamfuta, tazarar ta fi haka nesa. RAM kuma kamar teburin aikinka ne na shago: idan ya yi ƙanƙanta, dole kowace takarda sai an mayar da ita durowa kafin a ɗauko wata. Ga mai aikin Word da buga takardu da gyaran hoton fasfo, waɗannan biyun su ne suke riƙe kwamfuta, ba ƙwaƙwalwar ba. Sai dai a kula, RAM iri-iri ce, DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, ta tebur kuma ba ta shiga ta tafi-da-gidanka. Farashinta ma ya yi tashin gwauron zabi tun ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, wanda hakan ya fara taɓa farashin sababbin kwamfutoci su ma.

Akwai wurin da gyara ba ya kaiwa, kuma ba zan ɓoye maka ba. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, shekaru 10 bayan fitowarta. Kwamfuta ba ta mutuwa saboda haka, amma an daina toshe ƙofofin da ɓarayin intanet da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa ta cikinsu. Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. Tawa ta zubi na 7 ce, da taki ɗaya ta rasa shiga, duk da cewa yanzu tana gudu kamar sabuwa. Mu mazauna Tarayyar Turai an ba mu ƙarin shekara guda kyauta zuwa 13 ga Oktoba, 2026, bayan ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa, a sauran ƙasashe kuwa sai mutum ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa na asusun Microsoft. Idan wa'adin ya cika zan ɗora mata Linux Mint, manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Ba baƙon abu ba ne a nan, domin jandarmomin Faransa sun daɗe suna aiki da wani nau'in Linux a ofisoshinsu, kuma a 2025 hukumar birnin Lyon ta sanar da cewa za ta riƙa barin manhajojin Microsoft a hankali. A shagonka dai ban ba da shawarar gaggawa ba, saboda masu kawo aiki da fayilolin Word suke zuwa, wani lokaci tsarin shafi yakan goce idan aka buɗe su da LibreOffice, madadin Word da ake amfani da shi a Linux, kuma sai an tabbatar injin buga takardunka zai amsa.

Idan ta kama dole a sauya, to abin da na fi yabawa a kasuwar nan shi ne kwamfutocin hannu da aka sabunta, ba sababbi fil ba. Kamfanoni sukan sallami na ofisoshinsu bayan shekaru 3 ko 4, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook da OptiPlex, 'yan kasuwa su wanke su gwada su sayar, ta kantuna ko ta kasuwar intanet ta Back Market, wanda kamfanin Faransa ne da aka kafa a 2014. Na ga masu ƙwaƙwalwa ta zubi na 8 a tsakanin euro 200 da 300, kuma sun fi sabuwa mai arha ƙwari, ga sauƙin kwancewa. Sababbin sirara da suke ɗaukar ido kuwa, da yawansu an narka RAM ɗin a jikin allo, yadda ka saye ta haka za ta tsufa.

Babban abin da mai saye yake biya a nan shi ne garanti. Doka ta ba shi shekaru 2 a kan duk abin da ya saya daga ɗan kasuwa, har da na hannu, kuma idan ta intanet ya saya yana da kwanaki 14 da zai mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. Wannan kariya tana cikin farashin, amma ba za ta bi kwamfutar zuwa Damagaram ba, domin ranar da ta samu matsala kuɗin mayar da ita Lyon zai kusa sayen wata. Ka haɗa da kuɗin duwan da ladan wanda zai ɗauko, ka ga kwalliya ba lallai ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da ya sauƙaƙa kawai shi ne madannanta na AZERTY ne irin wanda yaranka suka saba da shi, kuma cajarta za ta shiga soket ɗinmu.

Abin da nake gani shi ne kada a taɓa kuɗin sabuwa tukuna. Taka ta tebur ce, ta fi tawa sauƙin buɗewa, kuma idan tawa ta tara wannan ƙura a garin da babu hazo, to wadda ta sha hunturu 8 a bakin titi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. A fara kai ta a hure ta a sauya man ƙwaƙwalwa. Idan ta zubi na 8 ce ko sama, SSD da RAM za su ba ta wasu shekaru masu kyau har da Windows 11. Idan ta 6 ko ta 7 ce, SSD ɗin dai ba asara ba ce, tun da ana iya cire ta a mayar a wata kwamfutar daga baya. Idan kuwa ta girmi haka sosai, ko tana mutuwa da kanta ana cikin aiki ko bayan an hure ta, to sai mu koma maganar ta hannu. Kowace aka zaɓa, ina roƙonka ka ware wani abu ka sayi na'urar riƙe wuta mai batir, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki da dawowarta da ƙarfi sun fi tsufa kashe kwamfuta a wajenmu.

Ka sa yaron shago ya ɗauki hoton takardar da ke liƙe a jikin akwatin, da hoton shafin da ke nuna sunan ƙwaƙwalwa da yawan RAM, ya turo mini ta WhatsApp, domin in san irin wadda zan nema kafin wani ɗan garinmu da ke shirin zuwa gida ya tashi. SSD ba ta fi tafin hannu ba, za ta shiga aljihun jakarsa. Kafin ya iso, a kwashe takardun mutane da hotunansu a zuba a wata ma'adana ta daban, saboda faifan da ya kai waɗannan shekaru yana iya tsayawa ba sallama. A gaishe mini da Inna da yara, da duk wanda ya tambaye ni.

Ƙaninka, daga Lyon.