Manhajar ba da lokacin lodi a masana'anta, ga abin da na gani

Ni aikina kula da lodi ne a wata masana'anta, ƙofofin lodi huɗu gare mu, kuma kafin a kawo mana manhajar nan tsarinmu shi ne wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama. To kun san abin da hakan ke jawowa, kowane direba so yake ya kama layi, kafin ƙarfe takwas na safe tireloli sun cika get har bakin titi, da yamma kuma ƙofofi a buɗe masu tuƙa fokalif (motar ɗaga kaya) na zaune babu mota ko ɗaya. Wallahi abin yana damuna, mutum ya wuni a cikin mota saboda lodin da bai kai awa ɗaya ba.

Yadda take aiki ba wuya. Kamfanin motar ya shiga ta waya ko kwamfuta ya zaɓi rana da lokaci, ya sa lambar mota da lambar oda, direba ya samu saƙo. In ya iso mai gadi ya duba sunansa, ya hau sikeli, a faɗa masa ƙofar da zai ja baya ya tsaya. Abin da ya fi burge ni shi ne tun yamma na san motocin gobe, sai in sa ma'aikatan sito su jera kayan kowace mota kusa da ƙofarta, takardu ma a shirya su, ba sai mota ta tsaya sannan a fara neman kaya ba.

Amma fa makonnin farko mun sha wuya, kuma nan ne nake so duk mai shirin saye ya buɗe kunne. Da suka saita mana ita kowace mota awa ɗaya suka ba ta, alhali kaya ba ɗaya ba ne. Tirela mai tsawon mita 13.6 tana cin falet (katakon da ake jera kaya a kai) 33 in irin mai santimita 120 da 80 ne, 26 in mai 120 da 100 ne, kuma in kayan na jere fokalif zai gama da ita cikin awar nan har da saura. Kwantena mai ƙafa 40 da za a cika kwali-kwali da hannu kuwa awanni take ci, sai ta cinye lokacin motar da ke binta da na wadda ke bin waccan, direban da ya zo daidai lokacinsa ya tsaya yana kallona da saƙon a hannu, kuma gaskiyarsa ce. Sai da na ɗauki agogo da littafi na riƙa rubuta minti nawa kowane irin kaya ke ci, muka raba lokacin bisa irin kaya, muka bar ƙofa ɗaya da ɗan sarari da rana saboda motar da ta makara ko odar gaggawa, sannan abin ya zauna.

Wani amfaninta kuma, tana rubuta lokacin shigar mota da na fitarta. Yawancin kwangiloli akwai lokacin jira na kyauta, sau da yawa awa biyu, bayansa kamfanin mota ya fara cajin kuɗin jira, da can musu ake ta yi, yanzu kowa ya duba ya gani.

Inda ba ta yi min ba, direba in ya makara nan take take sa masa alamar ja, ko da go-sulo ne ko lalacewar mota, babu wurin da zai rubuta dalili, amma in mu ne injinmu ya tsaya kaya bai fito ba ba ta aika masa saƙo da kanta, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Sannan ranar da intanet ya ɗauke mai gadi ba ya ganin komai, shi ya sa yanzu kullum da yamma nake buga jerin motocin gobe a takarda in ajiye masa a get.