Sulallan Chadi da Kamaru da ba a taɓa kashewa a gida ba

'Yan uwa na gida, a titin Vivienne na birnin Paris, inda masu sayar da tsabar kuɗin ajiya suka yi layi, akwai sulallan azurfa ɗauke da sunan Chadi da na Kamaru, an rubuta musu sefa 500, 1000 ko 5000. Ba wanda ya taɓa karɓar ko ɗaya a matsayin canji a kasuwar Garwa ko ta Njamena. Kamfanonin Turai da Amurka ne ke buga su da sunan ƙasashenmu, don masu tarawa kawai. Abin da zafi: mai shago a Marwa yana ba yaro alewa maimakon canji, nan kuwa sunan ƙasarsa na kwance cikin gilashi ana ciniki da Yuro.

Amma gaskiya ɗaya ce, mutanen nan sun san darajar aikin hannu. Sulalla biyu, zane ɗaya, nauyi ɗaya, kowanne giram 31.1 na azurfa 999, wato kusan tsantsa, sai ka tarar farashi ya bambanta nesa ba kusa ba. Fuskar ce ta raba su.

Wanda ake kashewa a kasuwa, bugu ɗaya ake masa, ya faɗa kan 'yan uwansa su goge juna tun daga masana'anta. Sai wanda Faransawa ke rubuta wa BU, sabo ne fil, da ƙyallin bugu, hannu bai taɓa shi ba. Na sama da su shi ne BE. Ana goge hatimin ƙarfen da za a buga da shi, a goge farantin azurfar, a buga aƙalla sau biyu a hankali, a ɗauke kowane da safar hannu. Filinsa ya zama madubi, zanen kuma ya yi fari dishi-dishi. Akwai wanda ake juya wa tsarin, zane ya yi madubi fili ya dushe, akwai kuma wanda ake baƙanta wa lunguna da gangan don ya yi kama da tsoho. Sulallan Chadi da yawa irin wannan na ƙarshe ne.

Wajen auna daraja, Faransawa na hawa daga B (wanda ya goge sosai), TB, TTB, SUP, SPL har FDC (mara aibi). Kasuwar duniya kuwa ma'aunin William Sheldon na 1949 take bi, daga 1 zuwa 70. Kamfanin PCGS da aka kafa a 1986 da NGC na 1987 su ne manyan alƙalai. Su duba, su ba da maki, su rufe sulen cikin gidan roba mai lamba, kuma kowa na iya bin lambar a intanet ya ga guda nawa suka taɓa samun wannan maki. Haruffan da suke rubutawa tare da makin kuwa, MS na bugun yau da kullum ne, PF ko PR na mai madubi. A wurin NGC, 70 na nufin ba a ga aibi ba ko da an ninka girmansa sau 5. Da ido zalla da wuya ka bambance 69 da 70, amma aljihu yana bambancewa.

Ƙarancin bugu ma yana aiki, sai dai ba shi kaɗai ba. Yuro 2 na Monako na 2007 mai hoton Grace Kelly, marigayiya gimbiyar ƙasar, guda 20,001 aka buga, yau ana sayen ɗaya da dubban Yuro, saboda masu neman sa sun cika Turai. Sule mai fenti da aka buga ƙasa da haka da sunan Kamaru kan iya zama ba mai taya shi sama da kuɗin azurfarsa. Kada adadin bugun da ke kan takardar shaidar sulen ya ruɗi kowa.

Yanzu ga inda muke cutar kanmu. Da mutum ya sami tsohon sule cikin kayan kaka, sai ya nufi toka, ko yashi, ko ruwan tsamiya, wai yana fito da haskensa. Wallahi asara ce. Ko gefen riga aka sa aka share fuskar madubi, siraran layuka ke bayyana a ƙarƙashin fitila, ba kuma sa gyaruwa. Irin wannan, alƙalan nan ba sa ba shi maki, sai su rubuta cewa an wanke shi. Huda shi don sarƙa ko kai shi wurin maƙeri ya fi muni. Sefa 50 ta Kamaru ta 1960, ta samun 'yancin kai, da sefa 100 ta Chadi ta 1971, ana neman masu lafiyar fuska a nan, musamman bugun gwaji mai ɗauke da kalmar ESSAI. Azurfar Mariya Tereza kuwa, wato sulen Ostiriya mai hoton wannan sarauniya, shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, an ci gaba da buga ta da wannan shekara ɗari biyu da ɗoriya.

Mai irin waɗannan a gida ya riƙa kama su ta gefe, don gumin yatsa na cin ƙarfe. Kada ya haɗa biyu wuri ɗaya. Ya guji leda mai taushi ta PVC, zafi irin na garin Kuseri a Kamaru na sa ta fitar da wani kore mai danƙo a kan sulen. Kowane ya shiga ƙaramin ambulan na takarda, a ajiye nesa da raɓar damina, a rubuta shekara da ƙasa a bayan ambulan ɗin.